Lambar 2,147,483,647 Ta Cancanci Shiga Darasin Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin malaman lissafi da na kwamfuta kan lamba 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da 'yan kai.

Ana samun ta ne idan an jera 2 har guda 31, aka yi ta ninka su, aka cire 1. Mara ce, tunda 7 ne ƙarshenta. Jimillar alƙalumanta 46, don haka 3 ba ta raba ta. Hasali ma babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kuma masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772. Ita ce ta takwas a jerin lambobi marasa rabuwa da ake ginawa haka, waɗanda ake jingina wa wani masanin lissafi, Mersenne.

Kada ɗalibi ya ɗauka duk lambar da aka gina haka ba ta rabuwa. A gwada da 2 guda 11: ana samun 2,047, wadda ita ce 23 sau 89.

To yaya Euler ya yi ba kwamfuta? Da farko, ba sai an gwada abin da ya wuce 46,340 ba, domin 46,341 sau kanta ta riga ta zarce lambar. Sannan duk lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta, dole idan an raba ta da 248 saura ya zama 1 ko 63. Wannan ya mayar da aikin rabawa 372 kacal. A yau akwai gwajin Lucas da Lehmer, wanda ya fi sauƙi: a fara da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar, a riƙe sauran, a maimaita da sauran har zagaye 29, wato 31 a cire 2. In aka ƙare a sifili, ba ta rabuwa. Ɗalibai su fara gwadawa da lamba 31, wadda ake samu daga 2 guda 5 an cire 1, a zagaye uku: 14, sai 8, sai 0.

Inda abin ya shafi aljihu shi ne, wannan ce lamba mafi girma da ma'ajin lamba na kwamfuta mai bit 32 (gurabe 32, kowanne 0 ko 1) mai alamar ƙari da ragi ke iya ɗauka. Aka ƙara 1, a na'urori da yawa sai ta kifa zuwa −2,147,483,648. Manhajar da ke ajiye kuɗi a kwabo cikin irin wannan ma'aji za ta cika a naira 21,474,836.47, kuɗin da ɗan kasuwar hatsi ke iya juyawa. Haka agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairun 1970 zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Duk mai rubuta manhajar kuɗi ko ta lokaci ya koma bit 64 tun yanzu.

Na gode, Edita.

Wani malamin lissafi, Zariya