Malam Edita, me ya sa kuka katse wa ɗalibar nan waya?

Assalamu alaikum Malam Edita,

A kan shirinku na rediyo na daren Lahadin nan nake rubutowa, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Yarinya ta bugo waya cikin ladabi, ta yi sallama, ta ce ita ɗaliba ce an ba su aikin rubutu a kan addinan duniya kuma tana so ta faɗi abin da ta lura da shi game da yadda al'ummomi daban-daban suke azumi, ko numfashi ba ta sauke ba malamin da kuka gayyato baƙo a shirin ya shiga bakinta wai imaninta ya fara rawa, ta je ta sake kalmar shahada. Mai gabatarwa kuma maimakon ya ce Allah gafarta malam a bari ta ƙarasa, sai ya kwashe da dariya, sai ɗif, layi ya mutu. Haba Malam Edita! To me ya sa kuke cewa a bugo waya tun farko, in ba za a saurari mutum ba?

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne maganar da baƙon ya ɗora bayan nan, wai mutanen Indiya dukkansu masu bautar saniya ne da wuta, babu abin da Musulmi zai sani a kansu. Ni a Indiyar nake zaune yanzu haka, a jihar Punjab, ina karatun harhaɗa magunguna, kuma ta intanet nake kama ku, agogonmu ya riga na gida da awa huɗu da rabi, ga lakca da sassafe amma haka nake hana idona barci don shirin nan. To abin da ya faɗa ba haka yake ba. A ƙidayar da suka yi a 2011 Musulmin Indiya sun haura miliyan 172, kashi 14 cikin ɗari na ƙasar, ga Kiristoci, ga Sikh, ga mabiya Buddha, ga Jain. Waɗanda suke girmama wuta a ɗakin ibadarsu ma Farisawa ne da ake kira Parsi, asalinsu daga Iran, yawanci a Mumbai suke, kuma ba su kai dubu 60 ba a ƙidayar. Mutum ya tattara jama'a sama da biliyan ɗaya ya yanke musu hukunci da magana guda a gidan rediyo, babu wanda ya ce masa malam a ina ka karanta.

Su Sikh ɗin nan da nake zaune a cikinsu, masu rawani da gemu, ba sa ajiye gunki, Allah ɗaya suke cewa suna bauta wa, addinin ya faro ne daga Guru Nanak da aka haifa a 1469. Ban ce aƙidarmu ɗaya da su ba, ba ɗaya ba ce ko kusa, ba su yi imani da Alƙur'ani yadda muka yi ba kuma sun yarda rai yana sake dawowa duniya a wani jikin, wanda mu a wajenmu babu wannan. Amma ƙarya ce a ce saniya suke bauta wa, kuma Musulmi bai kamata ya yi wa kowa ƙarya ba ko da wanda ba Musulmi ba ne.

Na je Amritsar da ƙafata, wajen babban ɗakin ibadarsu mai rufin zinare da ke tsakiyar tafki. Kafin ka shiga sai ka cire takalmi ka miƙa wa masu ajiya, ka taka cikin ruwa ka wanke ƙafa, ka rufe kanka, ni hulata ma ba ta wadatar ba sai da aka ba ni ɗan ƙyalle na ɗaura. A gefe akwai wajen cin abinci da suke kira langar, kyauta, dare da rana ba a rufewa, dubun dubatan mutane ne suke ci kullum. Kowa a ƙasa yake zama layi-layi a kan shimfiɗa, mai kuɗi da lebura kafaɗa da kafaɗa, a miƙo maka faranti na ƙarfe, wani ya zo da bokitin miyar wake ya zuba, wani ya biyo da gurasarsu, kai kuma ka buɗe hannu biyu ka karɓa. Babu nama a ciki, don kowa ya iya ci. Babu wanda ya tambaye ni addinina ko ƙasata. Na ga tsohuwa tukuf zaune tana ɓare tafarnuwa, na ga wani dattijo da ka gan shi ka ga mai hali ya naɗe hannun riga yana wanke farantan da wasu suka ci a ciki, ƙarar kwanukan nan kuwa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Wallahi ina zaune a wajen tunanina ya tafi gida, kan yaran da suke yawo da roba ƙofa-ƙofa suna neman ɗan ragowa, mu da aka wajabta wa zakka, mu da muke karanta Suratul Ma'un tun muna makarantar allo. Ban ji imanina ya yi rawa ba Malam Edita, zafin zuciya na ji a kan abin da addinina ya umarce mu da shi muka yi sakaci.

Kuma iyakata na sani. Ban sunkuya wa littafinsu ba lokacin da suke sunkuyawa, na tsaya a gefe, da aka miƙo mini alawar da suke rabawa bayan addu'arsu na ɗora hannu a ƙirji na ce na gode, mutumin ya yi murmushi ya wuce. Da la'asar ta yi na fita na nemi masallaci na yi sallata. Wannan shi ne abin da baƙonku ya kasa ganewa, cewa ɗalibi zai iya gani da idonsa, ya yi tambaya, ya rubuta daidai, ya tashi ya yi alwala.

Maganar azumin da kuka hana yarinyar ƙarasawa, bari ni in ɗan ƙarasa mata. Abokin ɗakina a hostel ɗan addinin Jain ne, ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya cin albasa da tafarnuwa da dankali saboda a ganinsu tono su daga ƙasa yana kashe ƙananan halittu, kuma da zarar rana ta faɗi ya rufe baki sai gobe. Da watan Ramadan ya zo sai abin ya zama ni ina jiran rana ta faɗi in ci, shi yana sauri ya ci kafin ta faɗi. Bai taɓa cin abinci a gabana da rana ba, ɗauka yake ya fita waje, ban roƙe shi ba. Suna da wasu kwanaki na azumi a shekara da suke kira Paryushan, a ƙarshensu kowa ya bi mutane yana neman gafarar abin da ya yi musu, har ni ya zo ya haɗa hannu ya ce in yafe masa. Na yi masa bayanin sahur da buɗa baki da dalilin da ya sa ko ruwa ba ma sha, ya saurara, ya tambaye ni a kan tauhidi, na faɗa masa abin da na sani ba tare da ragi ba. In da na fara da ce masa mai bautar saniya, a wace ƙofa maganar tauhidi za ta shiga?

A nan Punjab ɗin akwai garin Malerkotla, wanda Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa. A farkon ƙarni na 18 sarkin garin, Musulmi, ya fito fili ya ƙi amincewa da kashe ƙananan ƴaƴan Guru Gobind Singh, jagoran addinin Sikh na goma, Sikh ba su manta ba, shi ya sa lokacin rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da jini ya malala a duk yankin, garin nan ya tsira. A cikin littafin ibadarsu ma akwai baitocin Baba Farid, shehin Musulmi. Ba wai ina cewa nan aljanna ba ce. Na san an rushe masallacin Babri a 1992, na san rikicin Delhi na 2020 da aka kashe mutum sama da 50 yawancinsu Musulmi, na san dukan da aka yi wa ɗalibai ƴan Najeriya a Greater Noida a 2017, mu baƙaƙen fata muna shan kallo da baƙar magana a kasuwa. Amma duk wanda ya yi mana haka, da irin maganar baƙonku ya fara, ya tattara mu duka ya ce ga abin da muke, bai taɓa zama da ko ɗayanmu ba.

Sannan wa ya ce sanin addinin wasu baƙon abu ne a Musulunci? Al-Biruni da aka haifa a 973 sai da ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafi guda a kan aƙidunsu da lissafinsu da al'adunsu, yana kawo maganarsu yadda suka faɗa kafin ya ce komai. Ibn Hazm na Andalus da Shahrastani duk sun yi rubutu a kan addinai da ƙungiyoyi, har yau ana karanta su a jami'o'inmu. Su ma a ce su sake shahada? Alƙur'ani a Suratul An'am ya hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa don kada su rama su zagi Allah cikin jahilci, a Suratul Hujurat kuma ya ce an yi mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna. Baƙonku ya fi ni sanin ayoyin nan nesa ba kusa ba, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Ku duba halin da kuka jefa yarinyar nan. Ta faɗi sunanta da unguwarsu, iyayenta sun ji, maƙwabta sun ji, ƙawayenta na makaranta sun ji malami ya taɓa imaninta a rediyo, kun san yadda magana take yawo a gari, gobe wani zai ce ai ita ce wadda boko ya ɓata. Taɓa imanin Musulmi ba ƙaramin abu ba ne, ba abin dariya ba ne. Lambarta tana wajenku. Ku kira ta, mai gabatarwa ya ba ta haƙuri a cikin shirin yadda aka ci mata fuska a cikin shirin, ku ba ta minti goma ta faɗi abin da ta rubuta, ku kawo malamin da ya karanci fannin kwatanta addinai ya zauna tare da ita, akwai su a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, in ta yi kuskure ya gyara mata da hujja.

Wani abu kuma tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah tallan masu maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri ya yi yawa, mutum ɗaya ya ce kwalba ɗaya tana maganin basir da hawan jini da ciwon suga da taifot, babu lambar NAFDAC, ga kalaman batsa da ba za ka iya ji tare da mahaifiyarka ba. A matsayina na mai karatun magani ina gaya muku akwai masu ciwon suga da suke ajiye maganin asibiti saboda irin tallan nan, ƙoda kuma ba ta da sauƙin gyara. Ku tace su kafin ku karɓi kuɗinsu.

Ina jiran shirin Lahadi mai zuwa in ji ko za ku kira ta.

Wassalam,
Mai sauraronku, ɗalibi daga jihar Punjab, Indiya