Wasiƙa Zuwa Ga Inna Daga Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya kamar yadda nake nan lafiya ƙalau. Ya ƙafar taki, ta saki? Ya jikin Goggo? Auta, na san kai za ka karanta mata, to ka karanta duka, kada ka tsallake inda aka ambaci Yaya.

Riyal 2,000 da na aiko ta hannun Alhajin canji na rijiya ne. Na ji ƙishin-ƙishin wai Yaya ya ɗebi wani abu a ciki ya cika kuɗin babur, wai zai mayar in an sayar da gyaɗa. Ban gaskata ba tukuna, amma wadda ta faɗa mini ba ta saba ƙarya ba. Inna, ki kira shi ɗaki ku biyu ki tambaye shi, ba a gaban matarsa ba. Tun ranar sadakar arba'in muka ƙulla cewa rijiyar nan ta Baba ce, ladanta ya riƙa isar masa a kabari. Yaya yana wurin, har shi ya shafa fatiha.

Ni dai aiki na tafiya. Zafi ne kawai, shi ma an saba. Albashi ya ɗan yi jinkiri, amma maigidana ya ce zai haɗa mini da na sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, kada ki sa wannan a ranki.

Makon jiya na kai iyalinsa Ɗa'if. A dawowa na ɗauko wani dattijo Bakatsine da ya tsufa a garin nan. Da muka gangaro daga dutsen Hada muka shigo Wadi Nu'uman, sai ya ce in tsaya ya nuna mini Ainu Zubaida. Kullum ina wuce gine-ginen nan a jikin duwatsu, ɗauka nake katangar kangon gari ce. Ashe hanyar ruwa ce. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ce ta sa aka gina, sama da shekara 1,200 ke nan. Daga Bagadaza ta zo aikin hajji ta tarar alhazai na galabaita da ƙishirwa, salka guda har dinare ake sayar da ita. Da ma'ajinta ya ce mata aikin zai cinye dukiya, an ruwaito ta ce a yi, ko da kowane saran gatari dinare guda zai ci.

Inna, babu inji, babu famfo. Gangara kawai suka auna, ruwan ya riƙa tafiya da kansa daga gindin duwatsun Ɗa'if har Arfa. A wani wurin hanyar ta nutse ƙarƙashin ƙasa, sai dai ka ga bakin ramuka jere kamar rijiyoyi, ta nan masu yasa suke sauka su kwashe yashi. Na leƙa ɗaya, ƙasan ya yi duhu, sai wata iska mai sanyi da ke tasowa. A wani wurin kuma ta fito fili, an ɗora ta a kan bangon dutse da ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, tana bin kwiɓin tsauni. Inda murfin ya faɗi na sa hannu ciki, shafen har yanzu sumul, ba ya ko marmashewa. Na tuna kwalbatin bakin kasuwarmu da damina biyu ta tafi da shi, amma a bar wannan maganar.

Hanyar ruwan ta zagaye Jabalur Rahama a Arfa, inda aka yi wuraren shan mutane da na dabbobi, ta wuce Muzdalifa ta nufi Mina. Daga baya, zamanin Turkawa, aka fasa dutse aka ƙarasa da ita cikin Makka. Ita Zubaida ta rasu a shekara ta 216 bayan Hijira, ruwanta kuwa bai daina gudu ba sai a zamanin nan namu. Dattijon ya ce ya sha shi da bakinsa yana saurayi. Yanzu ta ƙafe, ruwan teku ake tacewa a Shu'aiba a turo mana ta bututu.

Arfa ba kowa a wannan lokacin, sai mu da masu shara. Na tsaya nan raina ya ɓaci, don na yi miki alkawarin kujera tun ina sabon zuwa, ga shi ni nake shawagi a wurin da mota, ke ko sau ɗaya ba ki taka ba. Ban manta ba wallahi. A gama rijiya, sai in fara tara naki. Kuma duk masu cewa na zo nan na shantake, a gaya musu da gumina aka yi rufin kwanon gidan nan.

To, maganar kuɗi. In ya taɓa, ya mayar kafin Sallah, ba sai gyaɗa ba. Abin da ya rage a karɓe daga hannunsa a ba Kawu, shi zai yi ciniki da masu haƙa. A yi ta a ƙofar gida ta waje, ba a tsakar gida ba, yadda matan unguwa za su ɗiba ba sai sun yi sallama ba. A sa kwakware har ƙasa, a ɗaure bakinta da siminti, a yi mata murfi saboda yara. Auta, ka ɗauki hoton ramin ka turo mini ta WhatsApp, da mutum tsaye a gefe yadda zan gane wurin. Kada kowa ya sake karɓar kuɗi da sunana sai Kawu.

Dabino da zamzam suna hannun Hajiyar bayan masallaci, ƙarshen wata za ta sauka Kano. Akwai man zafi a ƙullin, na ƙafarki ne, kada a rabar. A gaida Goggo da Baffa da yaran gida duka. Yaya ma a gaishe shi.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki na Makka