Amsa ga mai tambayar wa ya biya ni

Malam, bayan gaisuwa.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a: wai wa ya biya ni na rubuta cewa cikin Bature ya fi na kowa, tunda shi ne ke shan madara ya kwana lafiya? Ka ƙara da cewa ni ba likita ba ne. Wannan gaskiya ne, ban taɓa da'awa ba, mu wuce. Maganar biyan ce ta tsaya mini a rai, domin duk shekarun da na yi ina rubutu, ko maƙiyina bai taɓa cewa na sayar da alƙalamina ba.

Da ka daure ka wuce kanun rubutun, da ka ga akasin haka na faɗa. Hanjin jariri yana samar da sinadarin laktas, mai farfasa sukarin madara. Bayan yaye sai ya ja baya, kuma haka abin yake ga kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya. Sukarin sai ya zarce babban hanji, bakteriya su far masa, ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani har da gudawa. Wannan shi ne asalin ɗan Adam. Mai sha lafiya shi ne aka samu sauyi a gadonsa, a kuromosom na 2 (ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado na jikin mutum), wanda ke hana laktas ɗin ja da baya.

Sauyin kuma ba na Bature kaɗai ba ne. An gano na Turai a Finland a 2002. A 2007 masaniyar ƙwayoyin gado Sarah Tishkoff da abokan aikinta suka nuna wani daban a makiyayan Kenya da Tanzaniya. Larabawa masu raƙuma suna da nasu. Kowanne ya taso da kansa a inda aka dogara da kiwo. To ina fifikon? Ötzi, gawar nan mai shekara 5,300 da aka tsinta cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, Bature ne, kuma ba shi da wannan gado. Makiyayan Mongoliya kuwa madara ce abincinsu, alhali yawancinsu ba su da shi; suna barinta ta yi tsami, bakteriya su rage sukarin tun kafin ta kai baki.

Binciken da masanan Jami'ar Bristol ta Ingila suka jagoranta a 2022, daga maiƙon da ya maƙale a tsofaffin tukwane, ya nuna mutanen Turai sun yi dubban shekaru suna amfani da madara kafin sauyin ya yaɗu. Hasashensu shi ne, a lokacin yunwa da annoba gudawar ta riƙa kashe marasa shi.

Abin da ke damuna, Malam, ba kai kaɗai ba ne. Mutum ya kwashe mako yana tantance bayani, wani ya karanta layi ɗaya ya fito neman tafi. Ka samu tafin, na gani. Shi kuma wanda ka ce ya biya ni, in ka san shi, don Allah ka tuna masa, har yau ko sisi ban gani ba.