Amsa ga Malamin da ya kira labarin San Francisco na 1951 tatsuniya

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar Asabar ina wajen mai gyaran taya aka bugo mini waya, wai in kunna rediyo, ana ta ambaton sunana. Ko da na kunna ka kusa ƙare tambayarka. Ka ce wane kofi ƙungiyar Jami'ar San Francisco ta 1951 ta ɗauka da har na ɓata shafi guda a kanta. Ka ce ban taɓa riƙe ƙwallon nan ta Amurka mai siffar gwanda ba. Sannan ka rufe da cewa tatsuniya na shirya wa mutane, na yi wa faɗuwa kwalliya. Har mai gyaran tayar ya ɗago kai ya dube ni.

Batun riƙe ƙwallo, ka yi gaskiya. Kai ma ban ji ranar da ka buga a Wembley ba, amma duk mako muna sauraron sharhinka da haƙuri. Batun kofi ma amsarsa gajeriya ce: ba su ɗauka ba. Brazil ta Zico da Socrates ba ta ɗauka ba a 1982, kuma da kunnena na ji kana yi mata kirari.

Kalmar tatsuniya ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki, an ce da ni mai tsawaita zance, an ce mai taurin kai, amma ba a taɓa cewa na ƙaga labari ba sai a bakinka. To bari in sake jero maka abin da ka kira gizo da ƙoƙi.

Wasa tara suka buga a kakar 1951 ƙarƙashin koci Joe Kuharich, suka cinye duka taran. Na ƙarshe shi ne wanda suka doke Loyola da 20 da 2. Ollie Matson, baƙar fata, ya fi kowane ɗan jami'a a Amurka gudu da ƙwallo a shekarar, yadi 1,566. A wannan wasa ba tafiya ake yi a sarari ba, kowane yadi sai ka ratsa ƙarti da ke neman kayar da kai. Bayan 'yan watanni wannan Matson ɗin ya je Olamfik ta Helsinki a 1952 ya dawo da tagulla a tseren mita 400, da azurfa a tseren miƙa sanda. Shi da Gino Marchetti da Bob St. Clair, su uku daga ƙungiya ɗaya, sunayensu na cikin zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio. Ko Canton ɗin ma ni na gina ta, Malam?

A tsarinsu, in kaka ta ƙare ana gayyatar ƙungiyoyin da suka yi fice zuwa manyan wasannin sabuwar shekara, kuma a nan kuɗin yake. Da yawa daga waɗannan wasanni a kudancin ƙasar ake yin su, inda a lokacin doka ta raba baƙi da farare har a wurin shan ruwa. Abin da 'yan wasan suka yi ta faɗa har tsufansu shi ne an nuna musu za a kira su Orange Bowl a Miami in sun bar baƙaƙen fatarsu biyu, Matson da Burl Toler, a gida. Suka ce ko a tafi da kowa ko a fasa. Aka fasa. Georgia Tech da Baylor ne suka buga wasan.

Na san inda ka samo sandar da ka doke ni da ita. Masu shirya wasan sun ce abokan karawar San Francisco ba su da ƙarfi, shi ya sa ba a kira ta ba. Na rubuta haka a sakin layi na shida, da ka kai wurin. Na kuma rubuta cewa ta ƙare ta 14 a jadawalin 'yan jarida, ba ta ɗaya ba. Mai ƙaga labari ba ya saka hujjar abokin gardama a cikin ƙagensa. Ni dai na zaɓi in gaskata mutanen da suka biya kuɗin maganarsu: jami'ar ba ta samu kuɗin wancan wasa ba, bashi ya yi mata yawa, ta rufe ƙungiyar bayan kakar. Wasu yaran sai da suka nemi wasu makarantu.

Toler da aka so a bari a gida, gwiwarsa ta lalace a wani wasa a 1952, bai shiga ƙwararru ba. Ya koma koyarwa, ya zama shugaban makaranta, kuma a 1965 ya zama baƙar fata na farko cikin alƙalan wasa na NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallo a Amurka. Shugaban NFL a lokacin Pete Rozelle ne, wato saurayin da ke rubuta wa jaridu labarin ƙungiyar a 1951. Shi wannan Rozelle, yana manajan ƙungiyar ƙwararru ta Rams, ya ba da 'yan wasa tara a 1959 don ya karɓi Matson shi kaɗai.

Ban ce da wata manufa ka yi tambayar ba, Allah ya kiyaye. Kawai dai na lura ta zo a makon da aka mayar da shirinka ƙarfe goma na dare, kuma tsokanar tsoho tana sa wayoyi su yi ta shigowa. Abin da ya fi damuna shi ne halin da muka saka kanmu: shirin wasanni ya koma karanto sakamakon Firimiya da gardamar wa ya fi wa. Amurkawa sun adana yawan yadin da ɗalibi ya gudu shekara saba'in da wani abu da suka wuce. Mu kuwa je ka tsohuwar makarantarka ka nemi sunayen waɗanda suka ci kofin makarantu a zamaninku, ka ga ko za ka samu ko da hoton da gara ta ci rabinsa.

Jaridar tana nan na ajiye maka a ofis, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin sakin layi na shida. A gaida iyali.