Umar Mukhtar malami ne kafin ya ɗauki bindiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan Umar Mukhtar, wanda Italiyawa suka rataye a Suluƙ ta ƙasar Libiya ranar 16 ga Satumba, 1931. Kun yi bayanin yaƙin sari-ka-noƙe da ya jagoranta kusan shekara 20, amma kun tsallake malantarsa.

Malamin Alƙur'ani ne a zawiyoyin ɗariƙar Sanusiyya, har Chadi ya zauna. Wannan ya sa ƙabilun yankin Jabal Akhdar na gabashin Libiya suka amince masa, suna ciyar da mayaƙansa, har Italiya ta tsare ƙabilun a sansanoni. Abin takaici, ɗalibaina hoton lokacin da aka kama shi kawai suka sani.

Ina roƙon ku ware shafi kan karatunsa a garin Jagbub, cibiyar Sanusiyya a Libiya, domin malaman tarihi mu samu abin koyarwa.

Naku,
Malamin makaranta, Zariya