Zuwa ga bawana da ke Ingila

Assalamu alaikum Babarbare,

Da fatan sanyi bai gama da kai ba. Na ji dogon saƙon muryar nan naka tun ranar da ka turo, ban amsa ba ne don na san in na fara magana da baki sai ka katse ni da dariyar nan taka mai ban haushi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ka karanta ko kana so ko ba ka so. Eh gaskiya ne abin da Dogo ya gaya ma. Sunana ya fito, na fara residansi, wato horon ƙwarewa na likitoci, a sashen likitancin iyali a nan UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Famili medisin dai, wanda kai da su Dogo kuke kira hutun likitoci. Alhamdu lillahi. Ka yi min barka tukuna kafin ka ci gaba da surutu, bawa ba ya tuhumar ubangidansa.

Ka tambaye ni abu biyu, me ya sa wannan fannin, kuma me ya sa Sakkwato bayan ga Kano ga Zariya ga Jos, ga kuma PLAB ɗin, jarrabawar samun izinin aikin likita a Ingila, da kake ta tura ni in rubuta. Ai ba kai kaɗai ba. Baba da na kai masa takardar sai da ya sa tabarau ya juya ta, ya ce "likitan iyali kuma? Iyalin wa? Ni cewa nikai wajen masu aikin ƙwaƙwalwa za ka tahi." Ka san tunda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin nan kuma ta yi suna har Nijar, duk wani dattijo a Sakkwato da ɗansa ya karanta likitanci can yake hango shi. Inna ita ba ruwanta, tambayarta ɗaya, zan riƙa kwana a gida? Na ce wani lokacin. Ta ce to Allah ya yi albarka.

Abin ya samo asali ne daga bautar ƙasa. Kai ka yi taka a birni cikin sanyin na'urar esi, ni ka san inda aka jefa ni, janar asibitin ƙauyen nan da ba sai na faɗi suna ba. Mun yi shekara shida a makaranta, mun yi hausjob, aikin gwaji na sabon likita, wata goma sha biyu, wata uku-uku a medisin da tiyata da yara da ɓangaren mata, ina jin kaina wani abu. Sai ga ni ni kaɗai ne likita a gari, kuma marar lafiya ba ya zuwa da takarda a goshi cewa shi na wane sashe ne. Da safe yaro mai zazzaɓin cizon sauro yana jijjiga, bayansa tsoho da fitsari ya ƙi fita, bayansa matashi da mashin ya kayar, bayansa wata baiwar Allah da aka ce aljanu ne alhali damuwa ce ta yi mata katutu tun da aka yi mata kishiya. Da damina ga amai da gudawa, da zafi ya shigo ga fargaban sanƙarau, ka tuna 2017 yadda ya yi ɓarna a Zamfara da nan muna ɗalibai. Da dare kuma naƙuda. Wanda ya tsaya min a rai wata yarinya ce aka kawo a amalanke, ta kwana tana naƙuda kan yaro ya ƙi saukowa, aiki take buƙata nan take. Na sha tsayawa a tiyatar haihuwa ina riƙe ƙarfe, amma ban kai in yi ni kaɗai ba. In tura ta Sakkwato, hanya da nisa, kuma bayan magariba babu direban da zai yarda ya bi ta saboda mutanen daji. Allah ya taimaka akwai wani tsohon likita a garin da ke gaba da mu, muka aika mashin ya ɗauko shi. Mutumin nan ya zo da silifa, ya yi aikin nan cikin natsuwa yana ma yi wa nas hira, uwa ta rayu ɗa ya rayu. Da asuba kafin ya koma ya duba min tsohon nan mai fitsari, ya gyara min maganin wani mai ciwon suga, ya nuna min yadda ake saka wa ƙaramin yaro ruwa ta ƙashi in jijiya ta ɓace. Na tambaye shi fanninsa ya ce likitancin iyali, a Jos ya yi, asibitin mishan na Evangel wanda yanzu ya zama na koyarwa na Bingham. To daga ranar na daina yi wa fannin dariya.

Don abin da ku ba ku gane ba, likitan iyali a Najeriya ba irin GP ɗinku, likitan unguwa na Ingila, ba ne da zai zauna a ofis ya rubuta takarda ya tura ka gaba. Naku shekara uku ne horonsu, haka ma na Amurka, namu ya fi haka tsawo kuma akwai wuƙa a ciki. Za a zagaya da mu tiyata, mata da haihuwa, yara, medisin, ido, kunne da hanci da maƙogwaro, masu sa barci, taɓin hankali (ga asibitinsu na Kware nan kusa), sannan lafiyar al'umma. Ana so in ka gama ka iya fiɗar haihuwa, ka iya gwaiwa, ka iya afendis, kuma ka san iyakarka, ka san wanda dole ka tura gaba da wuri. Jarrabawa kuwa iri ɗaya ce da ta kowa, firamaris ta share fage, fat wan ta tsakiya, fat tu ta ƙarshe da bincikenka da za ka kare a gaban manya, ko ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa a 1979, ko ta Afirka ta Yamma. Ni firamaris ɗin ta Afirka ta Yamma na ci, amma zan rubuta ɗayar ma in kuɗi sun samu, don manya sun ce kada ka dogara da ɗaya. Saboda haka maganar hutu ka bar ta. Ka zo GOPD, inda ake fara duba masu zuwa daga gida, ranar Litinin da safe ka ga benci, mutanen Gwadabawa da Wurno da Tambuwal, har na Ƙonni da suke shigowa ta Illela, duk ta hannunmu suke fara bi kafin kowane konsaltan, wato babban likita ƙwararre, ya gan su.

Af, kafin in manta, Dogo ya sa rana. Bayan sallah babba. Ba waccan ba, kada ka yi suɓul da baka a guruf, wata ce 'yar Mabera malamar makaranta. Ya ce ko ba ka zo ba fam ɗinka ya zo, kuma ankon shadda ce ruwan toka, na ce masa Babarbare ko an ba shi shadda sai ya ɗinka ta kamar buhun gero. Mai shayinmu na bakin geti yana nan, ya ƙara kuɗin indomi, har yanzu yana cewa kana da bashinsa na ƙwai. Zafi kuwa kar ka tambaya, ya haura arba'in, wuta sai a hankali, da dare kowa a tsakar gida yake kwana.

To maganar me ya sa nan. Ba zan yi maka ƙarya in ce duk kishin talakawa ne ba. Na farko dai nan aka ba ni gurbi, kuma ka san yadda gurbin residansi yake, sai an buɗe ɗaukar aiki, kuma kwaleji ba ta barin sashe ya ɗauki mutane fiye da yadda konsaltocinsa za su iya horarwa. Akwai 'yan ajinmu da suka ci firamaris ɗin tiyata tuni suna nan suna jira suna lokum, aikin wucin gadi, a asibitocin kuɗi, ga takardar tana da wa'adi. Na nemi Kano ma, kuma da sun riga kira ban san me zan yi ba, don sashensu babba ne. Amma abin da na yi kafin in cike fom, na bi siniya rajistarori, waɗanda suka yi nisa a horon, na wurare daban-daban ina tambayarsu abubuwan da ba a rubutawa a talla. Amincewar kwaleji tana nan ko ta kusa ƙarewa? In an tura ka tiyata ana ba ka wuƙa ko sai riƙon ƙarfe da rubuta folda har ka gama? Konsaltan yana zama ya karanta binciken mutum ko sai ka yi wata da watanni kana bin sa? Mutum nawa suka ci fat wan a zama na farko? In matarka ta haihu ko mahaifinka ya kwanta, akwai mai karɓar maka kol, wato aikin kwana, ba tare da gori ba? Wannan ta ƙarshen ita ce ke nuna maka halin sashe. Amsoshin da na samu a nan sun kwanta min, kuma malaman na san su sun san ni tun ina ɗalibi, wanda ya yi min intabiyu ma shi ne ya taɓa korata daga kilinik don na zo ba abin awon jini.

Sai harshe. Kai da ka zo daga Maiduguri ka tuna wahalar da ka sha a aji huɗu, tsohuwa ta ce maka "ɗiyana, jikina na duka ya mutu, zuciyata na tahiya" ka tsaya kana zare ido. Fanninmu rabinsa hira ce. Hawan jini da ciwon suga ba a warkar da su da allura ɗaya, sai mutum ya yarda da kai shekara da shekaru, sai ka san wa ke dafa abinci a gidan, wa ke riƙe kuɗi, wa ke ba da izinin zuwa asibiti, wane mai magani aka fara zuwa kafin a zo gare ka. In ba ka shawo kan maigida da uwar miji ba, duk abin da ka gaya wa matar a banza. Har zanen dangi ake koya mana, ka zana kaka da iyaye da 'ya'ya a takarda, ka ga inda sikila ke bi a gidan da ake auren zumunci, sai ka san da wa za ka zauna kafin a sa ranar na gaba. Wannan a Sakkwato na iya shi ba tare da tafinta ba, na san wanda za a ce wa ranka ya daɗe, na san lokacin da "da sauƙi" ke nufin babu sauƙi. In na je wani wuri sai na fara daga farko.

Sannan Inna. Ƙafarta ta ƙara kumbura, kuma tunda Yaya ya koma Abuja ni ne babba a kusa. Daga Runjin Sambo zuwa asibiti ba nisa. Madam ma ta samu koyarwa a nan, ba zan tumɓuke ta ba.

Mu da aka ɗauka tare kowa da dalilinsa, kuma na fi son waɗanda suka faɗi gaskiya. Akwai wata da ta so ɓangaren mata amma ta lissafa kol ɗinsu da 'ya'yanta ƙanana ta ga ba za ta kai ba, kuma wallahi ta fi mu duka hannu. Akwai wanda ya ce ƙarara shi asibitin kansa zai buɗe a Gusau, yana son ya iya komai don kada ya riƙa korar kwastoma. Akwai wanda idonsa na Saudiyya, yana jiran ya ci fat wan ya kama hanya, ban ga laifinsa ba da wannan albashin da buhun shinkafa ke cinye rabinsa, ga kuɗin jarrabawa da na kwas, kuɗin tallafin horon ma sai ƙungiya ta yi barazanar yajin aiki. Wanda ke ba ni haushi shi ne wanda ya shigo don bai samu tiyata ba kuma kullum yana jin kunyar faɗin sashensa. Irinsu ne ke sa a raina mu. Wani konsaltan namu in ya fara maganar taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978 da yadda marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dage a kan kiwon lafiya matakin farko lokacin yana minista, sai ka ga wannan yaron yana danna waya. Ni kuma da na ga abin da rashin likita mai iya komai ke yi a ƙauye, maganar shiga ta take yi.

Abin da ke damuna yanzu ɗaya ne, in na gama ina zan je. In na tsaya a asibitin koyarwa na zama konsaltan mai ofis, to me ya raba ni da abin da na guda? In kuma na ce ƙauye, da wane tsaro, 'ya'yana su yi karatu a ina? Madam ta riga ta ce ita ba ta wuce Bodinga. Na bar wa Allah dai tukuna, fat wan ma ban gani ba balle fat tu.

Kai kuma yaya fannin zuciyar naka, har yanzu kana bin layin shiga horon ko sun ba ka? Kuma wace ce wadda hannunta ya fito a hoton da ka sa ranar Lahadi? Kada ka ce min nas ce, nas ba ta sa lalle haka. Su Dogo sun ce Bafulatana ce, in haka ne ka kyauta, bawa ya koma gidan iyayengijinsa.

In wani zai taho ka aiko min da abin duba kunne da ido mai kyau, na kasuwa da na saya fitilarsa ta mutu, zan ba ƙaninka kuɗin a naira. Kilishinka yana nan, amma an ce ba a barin shiga da nama ta filin jirginku, sai ka zo ka ci a nan. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa safa. Ka gaida duk Musulmin da ke wurin.

Naka,
Ubangidanka na Runjin Sambo