Amsa Ga Mai Tambaya a Kan Ma'anar Hosanna

Zuwa ga 'yar'uwata cikin Almasihu, shugabar mawaƙan zumuntar mata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, a taron ranar Lahadin ganyen dabino kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni ko Hosanna da Halleluya abu ɗaya suke nufi, tunda kuna rera su a jere kuna buga tulu, ba wanda ya taɓa bambanta muku su. Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na rubuta amsar inda kowa zai gani, domin ba ke kaɗai abin ya shige wa duhu ba.

Ba ɗaya ba ne. Halleluya kira ne ga jama'a cewa su yabi Yah, wato gajeren sunan Ubangiji a Ibrananci. Hosanna kuwa asalinta kukan neman agaji ne. Kalmomi biyu aka haɗe, "hoshi'a" da "na": ta farko tana nufin "ka yi ceto", ta biyu kuma 'yar kalmar roƙo ce, kamar yadda Bahaushe kan ƙara "don Allah" idan abu ya kai masa wuya. A Zabura 118:25 take, inda mai zabura ya roƙi Ubangiji ceto, sannan ya roƙe shi nasara.

In kina son jin nauyinta, duba 2 Sarakuna 6:26. Suriyawa sun kewaye Samariya da yaƙi, yunwa ta kai mutane maƙura, sarkin Isra'ila yana tafe a kan garu, sai wata mace ta ɗaga murya ta ce masa "hoshi'a", wato ka yi mini agaji, ya sarki. Ya amsa mata cewa in Ubangiji bai taimake ta ba, shi daga ina zai samo mata taimako, daga masussuka ko daga wurin matse inabi? Babu ganga a wannan Hosanna, balle rawa.

To, yaya kuka ya koma kirari? Yahudawa suna rera Zabura 113 zuwa 118 a manyan idodinsu, a Idin Bukkoki kuma, a zamanin da Haikalin Urushalima yake tsaye, ana zagaya bagadensa da Zabura 118:25 a baki sau ɗaya kowace rana, ran kwana na bakwai sau bakwai, har yau ma sunan ranar Hoshana Rabba. Roƙon da ake maimaitawa kowace shekara cikin murnar idi, da rassan itatuwa a hannu, dole ya ɗauki ƙamshin murnar. Mu ma muna da irinsa: "ranka ya daɗe" addu'a ce, amma bafaden da ya faɗi gaban sarki ya furta ta, gaisuwa da girmamawa yake yi. Haka "Hosanna ga Ɗan Dawuda" take a Matiyu 21:9, kirarin da taron jama'a suka yi wa Yesu sa'ad da yake shiga Urushalima, domin in aka fassara ta kalma da kalma, "ka yi ceto ga Ɗan Dawuda", maganar ba ta zauna ba.

Sau 6 kalmar ta fito a Sabon Alkawari, a Matiyu da Markus da Yahaya, dukansu kuma sun bar ta da Ibranancinta ko da yake da Helenanci suka yi rubutu. Luka bai kawo ta ba sam. Ganyen dabinon da yaranmu ke kaɗawa ma, Yahaya 12:13 ne kaɗai ya ambaci itacen da suna.

A ganina dai roƙon bai mutu a bakin taron Urushalima ba. Mutane ne da ke ƙarƙashin mulkin Romawa, ana dab da Idin Ƙetarewa da ke tuna musu fitowa daga bautar Masar, ga kuma wanda suke tarya a kan aholaki, sunansa Yeshuwa, wato Yesu a Ibrananci, daga tushe ɗaya da "hoshi'a". Saboda haka kada ku cire ta daga waƙoƙinku na murna. Abin da nake roƙo shi ne, ranar da za ku je gaisuwar rashin lafiya ko ta'aziyya, ku gwada rera ta a hankali, ba tulu, ku ji yadda za ta fito.

Naki cikin hidima,
Malamin ajin nazarin Littafi Mai Tsarki